Mu Fara Sauke Namu Allunan



Iyayenmu dattawan jam'iyya, shugabar mata da tawagarta, shugabannin matasa na mazaɓu 50 da muke da su a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da 'yan uwana 'yan soshiyal midiya da na ga kun riga kun ɗaga wayoyi sama, ina yi wa kowa barka da zuwa. Wanda ya taso daga Riruwai tun asuba da wanda ya taso daga Yako ko Gwarmai, Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce in yi magana a kan shirin matasa na kakar siyasa mai zuwa, na san abin da wasu suke jiran ji: fasta nawa za a buga, bana nawa za a rataya, a wace kwana za a kafa babban allo, kuma wa za a ba kwangilar. To ku yi haƙuri, yau da akasin haka na zo. Na zo in roƙi gidan nan namu ya zama na farko da zai sauke allunansa daga bakin titi, sannan mu nemi ƙananan hukumominmu huɗu su yi dokar da za ta hana kowa kafawa, mu da abokan hamayya da kamfanoni baki ɗaya. Na ga wani a baya yana girgiza kai. Bari dai in gama, in ya so a yi mini tambaya, ko ma a tsige ni.

Duk wanda ya zo nan yau ta titi ya zo, don haka ku tuna abin da idonku ya gani. Ka tsaya a Kwanar Dangora, inda hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta nufi Tudun Wada da Doguwa har Jos, ka juya ko'ina. Fuskoki ne. Ga wanda ya yi takara a 2019, rana ta cinye hularsa amma haƙoransa suna nan. Ga wanda ya faɗi zaɓen fitar da gwani a 2022, har yau yana yi mana alƙawari. Ga wanda ya sauya sheƙa sau biyu, amma a jikin allo yana nan da tsohuwar tuta. Akwai ma wanda Allah Ya yi wa rasuwa, muka je muka yi jana'izarsa, amma hotonsa yana rataye yana neman ƙuri'a, iska tana kaɗa shi, ba wanda ya tuna ya sauke. 'Ya'yansa suna bin hanyar nan fa. A tsakanin waɗannan kuma ga tallan layin waya, ga na taki, ga na maganin ƙarfin maza, ga na makarantar kuɗi. Allon da ya kamata direba ya gani, mai nuna masa kwana ko mahaɗa ko makaranta a gaba, mun bi shi mun lulluɓe da fasta. Baƙon da ya taso daga Kaduna zai san sunan kowane ɗan takara a yankin nan kafin ya san ta ina ake juyawa zuwa Tiga.

Sai ka ci gaba da tafiya, ka wuce Tudun Wada, ka shiga dajin Falgore. Na sani, ba kowa ne yake shiga dajin nan da kwanciyar hankali ba, an sha ganin ɓacin rana a cikinsa, kuma ni ma addu'a nake yi har in fita. Amma ku gaya mini gaskiya, duk da wannan fargabar, ba ku jin idonku ya huta? Bishiya, dutse, sararin sama. Tafiya mai nisa babu wanda yake yi maka murmushin ƙarya, babu mai cewa ka saya, babu mai cewa ka zaɓe shi. Ranar da na fara lura da haka damina ce, muna dawowa daga ta'aziyya a Doguwa, daji ya yi kore shar. Wani dattijo a motar ya ce da ni, yaro, haka hanyar nan take gaba ɗayanta a da, tun daga kwana. Na yi shiru, domin na san hannuna yana cikin waɗanda suka ɓata ta.

Ni fa ɗan liƙa fasta ne. Da wannan na shigo siyasa, ba na ɓoyewa. Lokacin ina karatun difloma, a zaɓen 2015, mu ne masu fita ƙarfe ɗaya na dare da bokitin sitaci da tsintsiya. Bangon makarantar firamare, katangar asibiti, turken lantarki, gindin gada, har katangar maƙabarta ba mu bari ba, Allah Ya yafe mana. Ka liƙa da dare, da asuba yaran wancan ɓangaren su zo su liƙa nasu a kai. Washegari ka dawo ka rufe nasu. Har bango ya yi kauri kamar an yi masa sabon yaɓe.

A irin wannan fitar ce aka sare abokina. Ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin ɗakin nan, kuma waɗanda suka sani sun sani. Mun tarar da wasu suna yage fastarmu a jikin wata katanga, magana ta yi magana, sai adda. Ya tare da hannu. Yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, mutumin da yake koyon ɗinki a lokacin. Wanda ya sare shi ɗan unguwarsu ne, makarantar allo ɗaya suka yi. Katangar da aka yi faɗan a kanta kuwa ba tamu ba ce, ba tasu ba ce, ta makarantar da ƙannenmu suke karatu ce. Su kuma manyan guda biyu da aka zubar da jini saboda hotunansu, kafin zaɓe na gaba sun koma inuwa ɗaya, mun gan su a hoto suna dariya suna riƙe da hannun juna. Shi kuwa abokina har gobe ba ya iya riƙe almakashi yadda ya kamata.

Ku bincika, sau nawa rigimar matasa a garuruwanmu take farawa daga "sun yaga mana fasta" ko "sun kayar mana da allo"? Mutanen Tudun Wada ba sa buƙatar a tuna musu yadda zaɓen Fabrairun 2023 ya ƙare, an rasa rayuka, an yi ƙone-ƙone. Ban ce fasta ce ta jawo wancan ba. Amma yaron da aka saba tura shi da dare ya kare takarda da makami, ranar da babban rikici ya tashi ba sai an koya masa komai ba.

Yanzu mu yi wa kanmu tambaya tsakaninmu da Allah, tunda duk 'yan gida ne a nan. Allon nan da muke kafawa, don wa muke kafa shi? Don manomin Dansoshiya? Don matar da take surfe a Yaryasa? Wallahi a'a. Don oga muke kafawa. Shi ya sa ake zaɓen inda ayarin motocinsa zai wuce. Shi ya sa hoton oga yake sama, a ƙasa kuma ga ɗan ƙaramin hoton mai ɗaukar nauyi da sunansa da lambar wayarsa. Barka da Sallah, barka da cika shekara, barka da dawowa daga Umara, barka da ɗaurin auren ɗa. Takardar neman aiki ce muke kafawa a bakin titi, muna tilasta wa jama'a su karanta. Ni ma na yi, sau uku. Ko ɗaya oga bai kira ni ya ce ya gani ba, watakila gilashin motar ne ya yi duhu.

Na ukun ne ya sa na dawo cikin hankalina. Farkon damina ne, irin hadarin nan da yake zuwa da iska kafin ruwa. Mun kafa bana babba a kan katako, ba mu haƙa rami mai zurfi ba saboda kuɗin sun ƙare a bugawa. Iska ta tumɓuke ta, ta maka wa wani ɗan acaɓa da ya ɗauko mata da goyo. Allah Ya kiyaye, buguwa ce da ƙujewa, jaririn ko ƙwarzane bai yi ba. Na je dubiya da kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mijin matar bai zage ni ba. Tambayata kawai ya yi: me aka rubuta a jiki? Na ce taya murna ce. Ya ce, to Allah Ya sanya alheri. Wannan addu'ar ta fi mari zafi.

Daga baya na karanta cewa a birnin Chennai na ƙasar Indiya, a watan Satumbar 2019, irin wannan ce ta faru, sai dai can ba a yi sa'a ba. Wani ɗan siyasa ya rataya bana a tsakiyar titi saboda bikin ɗansa, ta faɗo wa wata matashiya mai shekara 23 a kan babur, ta faɗi, tankar ruwa ta bi ta kanta. A Mumbai kuma, ranar 13 ga Mayun 2024, guguwa ta kayar da wani makeken allon talla a kan gidan mai, mutum 17 suka mutu. Iskar farkon damina a nan Kano ta Kudu ba sai na ba ku labarinta ba, kwanon gida ma tana yaye shi, balle leda a kan katako. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta aikin lada ne. Mu kuma kai mata muke yi, har da biyan kuɗin mota.

Wani zai ce, to idan babu allo ta yaya za a san aikin da aka yi? Ku zo mu je Tiga. Madatsar ruwan nan a ƙaramar hukumar Bebeji take, an kammala ta a 1974 zamanin Audu Bako. Ruwanta ne yake shayar da gonakin Kadawa, shinkafa da tumatir da alkama na Kura da Garun Malam da Bunkure. Yau sama da shekara hamsin. Ka tare kowane manomin rani ka tambaye shi wa ya yi Tiga, zai gaya maka ba tare da ya yi tunani ba. A ina ya ga allon Audu Bako? Malam Aminu Kano, tun daga NEPU a 1950 har zuwa PRP da ta ci Kano a 1979 Abubakar Rimi ya zama gwamna, da me aka shiga zuciyar talaka? Da ƙafa, da keke, da lacca a dandali, da zama a kan tabarma ana yi wa mutum bayanin haraji da jangali har ya gane inda ake cutarsa. Kowace jam'iyya a Kano yau tana cewa ita ce magajiyar Malam. To ga gado nan, wa zai ɗauka?

Kada kuma a ɗauka wannan mafarki ne na ɗan ƙauye. An yi a wuraren da suka fi mu kuɗi da kasuwa nesa ba kusa ba. Sao Paulo, birni mafi girma a Burazil, mai mutane sama da miliyan 11, ya yi doka a 2006 da suka kira dokar tsaftataccen birni, zamanin magajin gari Gilberto Kassab, ta fara aiki a farkon 2007. Suka sauke manyan alluna kimanin 15,000, suka ƙayyade girman allon da mai shago zai sa a ƙofarsa. A majalisar birnin mutum 45 ne suka amince, mutum ɗaya tak ya ƙi, shi ma harkar talla ce sana'arsa. Kamfanoni suka yi ta kururuwa cewa kasuwa za ta mutu, suka je kotu. Kasuwa ba ta mutu ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da aka cire allunan sai mutane suka ga abin da yake bayansu: tsofaffin gine-gine masu kyau da aka manta da su, da kuma unguwannin talakawa da aka daɗe ana rufewa da hotunan turare da motoci. Na ce a raina, mu ma nan da za a cire, me za a gani a baya? Ajin da babu rufi. Famfon burtsatse da ya shekara biyu a lalace. Kwatar da ta toshe. Watakila ma shi ya sa wasu ba za su so a cire ba.

Daga baya Sao Paulo ta sassauta, ta bari a sa talla a rumfunan jiran mota da agogunan titi, bisa sharaɗin kamfanin ne zai gina su ya kula da su. Wato idan za ka ci idon jama'a, sai ka biya su da inuwa. A Amurka, uwar talla ta duniya, jihohi huɗu sun hana manyan allunan bakin hanya: Hawaii da Vermont da Maine da Alaska. Vermont tun 1968 ta yi tata dokar. Birnin Grenoble na Faransa ya cire wuraren talla 326 a 2015, ya dasa bishiyoyi a wasu guraben, ya kuma tanadi wuraren da jama'ar unguwa za su riƙa liƙa sanarwarsu kyauta. Su kuwa waɗannan ba su da abin da muke da shi na faɗan fasta. Don kyan gari kawai suka yi.

To mu a nan wa yake da ikon yi? Wannan ne abin da yawancinmu ba mu sani ba, ni ma sai da wani lauya ɗan gidan nan ya buɗe mini. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa kula da tallan waje da kafa alluna a cikinsu, tare da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Wato ciyaman da kansilolinsa suna da ta cewa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kowa yake maganar 'yancin ƙananan hukumomi. To 'yanci ba kason wata-wata ne kaɗai ba, har da yin aikin da kundin ya ba ka. Gaskiya ne jihohi sun shigo harkar: Legas ta kafa hukumarta tun 2006, mu ma a Kano an sa hannu a dokar kafa hukumar kula da alluna da tallace-tallace a 2025. Hanyar Zariya da ta Jos kuma na tarayya ne, gefensu akwai hannun ma'aikatar ayyuka. Saboda haka sai an zauna da kowa. Amma zaman ba zai yiwu ba sai wani ya kira shi, kuma kansilan mazaɓarka ya fi kusa da kai fiye da kowa.

A nan sai mun yi hattara, kuma ina so 'yan midiya ku ɗauki wannan ɓangaren da kyau kada a yanke shi. Akwai bambanci tsakanin hanawa da sa kuɗi. Hukumomin alluna a ƙasar nan sun fi karkata ga tara haraji. A Anambra, a zaɓen gwamna na 2025, naira miliyan 50 aka ce kowane ɗan takara ya biya kafin ya kafa allo ko ya liƙa fasta. Wannan ba tsaftace gari ba ne, sayar da titi ne ga mai kuɗi. Haka nan dokar da za a ce ta hana allon 'yan hamayya amma ta bar na mai mulki da sunan "sanarwar gwamnati", mun san wannan wasan, an yi mana, kuma idan za mu faɗi gaskiya mu ma da muka samu dama ba mu ƙi ba. Dokar da nake nema ita ce wadda za ta hau kan kowa, ta fara da hoton ciyaman ɗin da ya sa mata hannu. Idan ba haka za a yi ba, gara a bar mu da tarkacenmu. Mulki rawar 'yan mata ne, na gaba ya koma baya. Duk dokar da ka yi don ka danne wani yau, da ita za a danne ka gobe.

Na san akwai masu ci daga wannan harka, kuma ba zan yi kamar ban gan su ba. Mai buga fasta, mai walda, kafinta, mai zane a kwamfuta, da yaran da ake ba ɗan na shayi su liƙa. Mai bugawa dai yawanci a birni yake, kuɗin ba ya zama a Kiru ko Doguwa. Mai walda da kafinta namu ne, kuma ƙarfen da ya yi ƙafar allo shi ne zai yi benci, shi ne zai yi ƙofar aji, shi ne zai yi rumfar jiran mota a Kwanar Dangora inda mata suke tsayuwa a rana da kaya. Aikin bai ɓace ba, sai dai a sauya abin da ake cewa ya ƙera. Su kuma yaran, ni ne su shekara goma da suka wuce. Abin da ake ba su ba ya kai su ko'ina, sai dai asibiti ko ofishin 'yan sanda. Amfani ɗaya da na taɓa gani bana ta yi wa talaka shi ne bayan zaɓe, idan ya yanko ta ya shimfiɗa ya shanya shinkafa ko masara a kai, ko ya rufe akurkin kaji. Ku je Tudun Wada lokacin kaka ku ga manyan ƙasar nan kwance a ƙasa an baza musu shanya a fuska. Idan haka ne, a sayi tamfol mana a raba, a huta da hoton.

Mai shago kuwa babu ruwan wannan magana da shi. Mai gyaran waya, mai kemis, mai sayar da taki, tela, kowa ya rubuta sunansa da sana'arsa a ƙofar shagonsa daidai misali. Wannan sanarwa ce, mai nema ne yake dubawa. Abin da nake magana a kai shi ne wanda yake bin ka inda ba ka neme shi ba. Rediyo idan ta dame ka kana iya murɗe ta. Waya kana iya kifa ta. Allon bakin titi ba shi da makunni, dole ka gani, ɗanka ma dole ya gani. Yaro ɗan aji biyu da ya fara haɗa baƙi, abin da zai fara karantawa a hanyar makaranta shi ne maganin basir da na ƙarfin maza. Haka masu motar magani da lasifika a ranar kasuwa, kalaman da suke furtawa kana tare da surukinka sai ka rasa inda za ka sa fuskarka. Ai duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, ya kamata dokar ta haɗa da su.

Kuma jama'a, ku duba yawan abin da ake tallata mana a yini guda. Ka buɗe Facebook talla, TikTok talla, saƙon waya na cewa ka ci bashi cikin minti biyar, wani na cewa ka sa ɗari ka ci dubu a ƙwallo. Matashi yana zaune ba aiki, ana ta nuna masa abin da ba shi da shi, tun safe har dare. Yaya zuciya za ta kwanta? Kakanninmu da suke noma a nan ba su fi mu dukiya ba, amma ba a tashe su kullum da lissafin abin da suka rasa. Ba ni da ikon hana abin da yake cikin waya, kansila ma ba shi da shi. Amma hanyar gona da hanyar kasuwa da bangon makaranta, waɗannan namu ne. Ko nan kaɗai a bar wa mutum ya ɗaga kai ya ga kuka da ɗorawa da dutsen Riruwai, ya yi tunanin kansa na minti biyar.

Tambaya mafi nauyi da aka yi mini ita ce ta wani ƙanina daga Karefa. Ya ce, shugaba, idan aka hana, ai sabon ɗan takara talaka ne zai sha wuya, domin tsofaffin an riga an san su. Na yi kwanaki ina juya wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ku duba yadda ake yi yanzu. Dokar zaɓen da aka yi 2023 da ita ta ce ɗan takarar majalisar wakilai kada ya kashe sama da naira miliyan 70, na majalisar jiha miliyan 30. Ta ce kamfen a bainar jama'a sai saura kwana 150 zaɓe. Wa ya bi? Mai kuɗi yana kafa allo shekara biyu kafin lokaci da sunan gaisuwar Sallah, ya kama kowace kwana mai kyau. Talaka ya buga fasta ɗari biyar da kuɗin gonarsa, kafin gari ya waye an rufe su. A gasar allo talaka bai taɓa yin nasara ba. Inda yake da dama shi ne a majalisar shayi, a wurin suna da jana'iza, a zauren mai unguwa, a rediyo, a waya. Abin da nake ba da shawara shi ne kowace mazaɓa a yi allo guda na hukuma, a kasuwa ko kusa da ofishin mazaɓa, a raba shi daidai, kowane ɗan takara fili ɗaya girma ɗaya, kyauta, cikin kwanakin kamfen kawai. Bayan zaɓe da mako biyu a wanke. Sauran lokaci a bar wa jama'a su sa sanarwar rigakafi da rabon taki da cigiyar akuya.

Za a ce idan muka sauke namu su ba su sauke ba, an ga kamar mun mutu. Na yarda, sati biyu na farko za a yi mana dariya, za a ce gidan ya watse, kuɗi sun ƙare. Sojojin baka za su samu abin faɗa a rediyo. A bar su. Kuɗin da aka ware wa alluna a kowace mazaɓa, shugaban matasa da shugabar mata su zauna da masu unguwanni a zaɓi abu guda a gyara, famfo ne, kujerun aji ne, kwalbati ne, a rubuta abin da aka kashe a sa a wannan shafi kowa ya gani. Kuma don Allah, idan an gyara famfon, kada wani ya zo ya kafa masa allon da ya fi famfon tsada.

Iyayenmu dattawa, na san wannan ba hukuncin da ni zan yanke ba ne, naku ne da shugabanni, kuma duk abin da kuka ce shi za mu bi. Abin da yake hannuna shi zan yi. Akwai bana guda da ta rage mai ɗauke da ɗan hotona a ƙasa, tana nan kafin ka shiga gari, wadda na kafa da Sallar bara. Ranar Asabar bayan la'asar zan je in sauke ta. Ƙarfen na riga na yi wa shugaban makarantar firamarenmu alƙawarinsa, za a yi wa aji ɗaya ƙofa. Ledar kuma abokina mai yatsu biyu ya ce shi zai ɗauka, yana da masarar da zai shanya. Wanda yake da tsani ya taimaka mana da shi, mai babur kuma ya zo da igiya.